Korona a Jikin Mai Ciwon Hanta: Wa Ta Fi Kayarwa?

A azumin 2020, ana tsakiyar zafin nan na Sakkwato da ke sa kwalta ta yi laushi, aka fara jin an samu masu korona a gari har ana kai wasu cibiyar killacewa ta Amanawa. A lokacin akwai mutum biyu na kusa da ni da hantarsu ba lafiya. Ɗaya ya sani, ɗaya bai sani ba.

Wanda ya sani maƙwabcinmu ne a Mabera, matashin malamin makaranta. Shekara biyu kafin nan ya je ba da jini ga matar yayansa, aka ce nasa ba zai yiwu ba, yana ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B. Da ya ji a rediyo an lissafa masu ciwon hanta cikin waɗanda korona ke yi wa mummunan kamu, sai ya saddaƙar. Ko majalisar ƙofar gida ya daina zama. Wanda bai sani ba kuwa kawuna ne, ɗan kasuwar hatsi mai shekara sittin da ɗoriya, wanda tun da yake ba a taɓa ɗibar jininsa an auna ba. Ƙafafunsa kan ɗan kumbura da yamma, cikinsa ya ɗan turo, abokansa na kasuwa suna tsokanarsa wai tumbin arziki ne. Kullum yana kan buhunansa, yana gaisawa da duk wanda ya zo.

Su biyun duk sun kamu a hunturun farkon 2021. Malam ya yi kwana biyar yana mura, hancinsa ya daina jin ƙanshi, ya miƙe ya koma aji. Kawu bai tashi ba.

Dukansu "masu ciwon hanta" ne a bakin rediyo, to me ya raba su? Amsar tana cikin wata kalma da ba mu cika ji ba sai a gaban likita, wato ƙandarewar hanta, abin da likitoci ke kira sirosis. Hanta na iya ɗaukar ƙwayar cuta shekara ashirin ko talatin tana aikinta lafiya lau, domin gaɓa ce mai haƙuri, mai gyara kanta. Amma in rauni ya yi ta maimaituwa, kowane gyara yakan bar tabo, har tabon ya fi naman yawa, ta taurare ta tsuke. Hantar Malam tana da baƙo ne kawai. Ta Kawu ta riga ta ƙandare.

Tun a watannin farko na annobar, likitocin hanta a Jami'ar Oxford ta Ingila da takwarorinsu na wata jami'a a Amurka suka buɗe rajista, suna karɓar bayanan duk mai tsohon ciwon hanta da korona ta kama. Sun tattara mutum 745 daga ƙasashe 29. Cikin waɗanda hantarsu ba ta ƙandare ba, kashi 8 cikin ɗari suka mutu. Cikin waɗanda ta ƙandare, kashi 32. Kuma su kansu masu ƙandarewar ba ɗaya suke ba. Likitoci suna da wani ma'auni mai suna Child-Pugh da ke kasa su aji uku, A da B da C, ta hanyar duba abu biyar: yawan sinadarin da ke sa ido ya yi rawaya, yawan albumin da hanta ke ƙerawa, saurin daskarewar jini, ko ruwa ya taru a ciki, da ko hankali ya fara gushewa. A aji na A kashi 19 suka mutu, a aji na B kashi 35, a aji na C kashi 51. Fiye da rabi ke nan.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauki waɗannan alƙaluma ya je ya yi wa wani lissafin kwanansa. Yawancin mutanen rajistar nan waɗanda ciwo ya riga ya kwantar a asibiti ne, kuma kafin a samu rigakafi. Wani bincike mafi faɗi a Amurka, da ya bi bayanan masu ciwon hanta sama da 220,000 har da waɗanda ba a kwantar ba, ya samu cewa a cikin kwana talatin kashi 8.9 na masu ƙandarewar hanta da suka kamu da korona ne suka mutu, a kan kashi 1.7 na waɗanda tasu ba ta ƙandare ba. Adadin ya sauka ƙwarai, amma tazarar tana nan, har ta ma fi faɗi in aka duba ninki: can sau huɗu ne, nan sau biyar. Wannan tazarar ce abin riƙewa.

Ita kuma ƙwayar B ɗin da ta hana Malam barci? A Hong Kong, inda ciwon hanta nau'in B ya yi yawa kamar nan, an duba masu korona sama da 5,000, ba a ga cewa ɗauke da ƙwayar kaɗai yana ƙara mutuwa ba. Rajistar Oxford ma haka ta nuna. Wannan labari ne mai daɗi ga mutane da yawa a ƙasar nan, domin binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 8.1 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da nau'in B, kashi 1.1 kuma nau'in C. A kowane sahun sallah mai mutum goma sha biyu, a ƙiyasi, akwai ɗaya. Da a ce ƙwayar kaɗai ta isa ta sa korona kisa, da maƙabartunmu sun ba da labari. Inda gizo ke saƙa shi ne, a cikin waɗannan miliyoyin akwai waɗanda tasu hantar ta riga ta ƙandare, kuma akasarinsu kamar Kawu suke, ba su san suna da ƙwayar ba balle su san ajin da suke.

Zai yi kyau a fahimci dalilin da ya sa cutar huhu ke samun galaba a kan mai lalatacciyar hanta, don a ido ba a ga abin da ya haɗa su ba. Duk jinin da ya taso daga hanji sai ya bi ta hanta kafin ya wuce zuciya. A can akwai ƙwayoyin garkuwa da ke zaune kamar masu gadi a shinge, suna tace duk wata ƙwayar cuta da ta sulalo daga hanji. Hanta ce kuma ke ƙera da yawa daga cikin sinadaran da garkuwar jiki ke yaƙi da su. Idan ta taurare, jini ya kasa ratsa ta, sai ya nemi ɓarauniyar hanya ya kewaye ta ba tare da an tace shi ba. Saifa ta kumbura ta riƙe fararen ƙwayoyin jini. Ƙazantar hanji ta yi ta yawo a jiki tana tsokanar garkuwa dare da rana. Sakamakon shi ne garkuwa mai kama da maigadin da ya kwana bakwai bai runtsa ba: ɓarawo zai wuce ta gabansa bai gani ba, in kuma ya farka a firgice sai ya hau dukan 'yan gida. Abin da ke kashe mutane a korona mai tsanani kuwa, galibi, wannan dukan 'yan gidan ne, wato garkuwar jiki ta tashi a haukace ta ƙone huhu.

Ga kuma matsalar wuri. Ruwan da ke taruwa a cikin mai ƙandarewar hanta yana iya kai lita biyar, ko goma, ko fiye. Yana tokare tantanin da ke tsakanin ciki da ƙirji, huhu ya rasa filin buɗewa. A wasu ma ruwan yakan haura cikin ƙirjin, yawanci ɓangaren dama. Naman jikinsu ya zaizaye, har da naman da ake numfashi da tari da shi. Kwantar da majiyyaci rub da ciki, dabarar da ta taimaki masu korona da yawa wajen samun iska, da wuya ta yiwu ga mai ciki kamar tulu. Shi ya sa a rajistar nan, kashi 71 na waɗanda suka mutu gazawar numfashi ce ta kashe su, ba mutuwar hantar kai tsaye ba. Hantar dai ita ta ɗaure mutum, huhu ya ƙarasa.

Dukan kuma ba ta gefe ɗaya yake tafiya ba. Idan iska ta yi ƙaranci a jini, hanta na cikin gaɓoɓin da ke fara jin jiki, ga zazzaɓi, ga tarin magunguna da ita ce za ta sarrafa su. Lafiyayyar hanta takan jure, alƙaluman gwajinta su ɗan hau su sauko. Wadda ke tafiya da ƙyar kuwa sai ta zube, in ta zube ƙoda ta bi ta. A rajistar, kashi 46 na masu ƙandarewar hanta sun samu irin wannan zubewar da korona ta kama su. Ga abin da na fi so mutanenmu su ji: cikin waɗanda hantarsu ta zube ɗin, kashi 21 ba su da wata alamar numfashi ko kaɗan a lokacin da aka gano cutar. Babu tari, babu shaƙewa.

Haka ta zo wa Kawu. Ɗan zazzaɓi ya yi na kwana biyu, aka ce na sauro ne. Sai ciki ya fara tashi kamar ana hura shi, cikin mako guda wandonsa ya daina ɗauruwa. Farin idonsa ya koma kamar an ɗiga kurkum. Ya riƙa barci da rana yana raba dare ido biyu, yana kiran sunan abokan cinikinsa da suka daɗe da rasuwa, yana tambayar ko an sauke gero. Da na je gaishe shi na ce ya miƙo hannuwa, sai na ga tafukan suna faɗuwa suna tashi kamar fiffiken tsuntsu. Na ce wa matarsa, "Inna, a bari mu kai shi asibiti yau ɗin nan, a auna shi har da korona." Ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, wace korona? Ko tari bai yi. Shawara ta, ga jiƙo nan an kawo. Mi za mu kai shi yi, su riƙe muna shi?" Ban ga laifinta ba. Duk abin da aka faɗa mata a kan korona tari ne da zazzaɓi da sarƙewar numfashi, kuma kowa a lokacin yana tsoron a killace nasa ya mutu babu dangi a kusa. Sai da aka ƙara kwana huɗu, ya daina gane mutane, sannan aka ɗauke shi. Likitan da ya karɓe mu ya maƙala masa ɗan abin auna iska a yatsa, ya duba, ya sake dubawa, bai ce komai ba ya aika a kawo tukunyar iska.

Akwai wani abu a binciken da ya kamata ya dame mu fiye da yadda ya dami Turawa. An yi ta cewa ƙuruciya ce ta kare Afirka, kuma akwai gaskiya a ciki: rabin 'yan Najeriya ba su kai shekara ashirin ba, kuma mutuwar korona da aka rubuta a hukumance a ƙasar nan ba ta wuce 3,000 da 'yan kai ba. A cikin masu ciwon hantar da ba ta ƙandare ba, haka abin yake, haɗari na hawa ne da shekaru. Amma a cikin masu ƙandarewa, mutuwar ta bazu kusan ko'ina, har 'yan ƙasa da arba'in ba ta ƙyale ba. To mu a nan yawanci a jarirantaka ko yarinta ake ɗaukar ƙwayar B, daga uwa wajen haihuwa, ko tsakanin yara a gida, ko ta askar da aka yi wa wani kaciya ko tsaga ko cire beli da ita ba a dafa ta ba. Wanda ya kamu yana jariri, kusan tara cikin goma ƙwayar takan zauna masa har abada. Kafin ya kai talatin da biyar ta yi shekara talatin da biyar tana aiki. Rigakafin nau'in B bai shiga jerin alluran yara a Najeriya ba sai 2004, allurar farko kuma ana so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa, alhali mafi yawan matan jihar nan a gida suke haihuwa. Saboda haka magidanci ɗan talatin da takwas a Gwadabawa ko Wurno yana iya zama ɗan aji B, yana jin ana cewa cutar tsofaffi ce yana gyaɗa kai.

Sauran nau'o'in ciwon hanta kowanne da nasa hali. Wanda giya ta jawo shi kaɗai ne ya fito a rajistar a matsayin mai ƙara haɗari don kansa, ya kusa ninka yiwuwar mutuwa, domin giya na raunana garkuwa da huhu ko ba a zo maganar hanta ba. Za a ce wannan ba matsalarmu ba ce a birnin Shehu. A fili dai haka ne. Amma mai sha a ɓoye ya fi na fili shiga haɗari ta fuska ɗaya: ba zai faɗa wa likita ba, musamman in ƙaninsa ko ɗansa na tsaye a bakin gado. Kitse a hanta kuwa, wanda ke ƙaruwa a cikin gari tare da zaman shago da lemun kwalba da shayi mai cokali huɗu na suga, ba a ga yana kisa shi kaɗai ba idan babu tabo. Abokan tafiyarsa ne abin tsoro, wato teɓa da ciwon suga da hawan jini, waɗanda kowannensu sananne ne wajen tsananta korona. A kan sankarar hanta bincike ya rabu: na Oxford bai ga ta ƙara haɗari ita kaɗai ba, wani na Amurka mai mutum 867 ya ga ta ninka shi sama da sau uku. A wurinmu wannan muhawara ba ta da wani tasiri sosai, don sankarar hanta takan zo asibiti ne a makare, a kan hantar da ƙwayar B da gubar funfunar gyaɗa da masara suka riga suka gama da ita.

Sai abin da mu ke ƙarawa da hannunmu, wanda ba ya cikin kowace rajista. Mai zazzaɓi a garin nan kafin ya ga likita ya ga mai kemis, a ƙulla masa haɗi a leda. A ciki da wuya a rasa daikilofenak ko ibufurofen. Ga mai ƙandarewar hanta waɗannan biyun guba ne: suna iya tsayar da ƙoda, suna iya fasa kumburarrun jijiyoyin maƙogwaro ya yi aman jini. Abin mamaki, farasitamol da mutane suka fi tsoro saboda an ce yana taɓa hanta shi ne ya fi aminci gare su, muddin bai wuce giram biyu a yini ba, wato ƙwaya huɗu ta miligiram 500. Matsalar ita ce mutum ya sha shi a ƙwaya, ya sha shi a maganin mura, ya sha shi a cikin haɗin, bai san abu ɗaya yake ta maimaitawa ba.

Deksametason ma ya shigo ciki. A watan Yuni 2020 wani babban gwaji a Ingila ya tabbatar yana ceton ran masu korona da suka kai ga buƙatar iska. Labari ya zagaya duniya, rabinsa na biyu bai zagaya ba: ga wanda bai kai wannan matsayi ba, ba shi da amfani. Deksa kuwa a wurinmu ba baƙo ba ne, shi ne cikin abin da 'yan mata ke sha don su yi ƙiba. Aikinsa danne garkuwar jiki, kuma idan aka danne garkuwar mai ɗauke da ƙwayar B, musamman na tsawon lokaci, ƙwayar da ke kwance tana iya tashi ta yi ɓarna. A asibiti, likitan da ya san mutum na da ita zai iya ba shi deksa ɗin tare da kariyar tenofobir, maganin da ke danne ƙwayar B. A kemis babu mai tambaya. Haka kuma wanda ke kan tenofobir ya yanke shi kwatsam, ko don kuɗi sun ƙare ko don hana zirga-zirga tsakanin jihohi da aka yi a 2020 ta hana magani isowa, hantarsa na iya rikicewa cikin 'yan makonni ko watanni ko babu korona.

A kan jiƙo da sassaƙe ba zan yi dogon wa'azi ba, ni ma an ba ni na sha ina yaro. Abin da kawai zan ce, duk abin da ya shiga baki hanta ce ke karɓarsa, kuma babu mai iya faɗa maka adadin abin da ke cikin kwalbar da aka sayo a bakin kasuwa. Ranar da ido ya yi rawaya ita ce ranar da hanta ta fi kasa ɗaukar kaya, ita ce kuma ranar da muka fi ɗora mata.

Yau korona ba ta cikin hirar kowa. Rigakafi ya iso Najeriya a watan Maris 2021, nau'in Omicron da ya bayyana a ƙarshen shekarar ya zo da sauƙi ga yawancin mutane, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta janye dokar ta-ɓaci a kanta ranar 5 ga Mayu 2023. Ƙwayar dai ba ta tafi ko'ina ba, ta shige cikin murar hunturu. Ga mai lafiya mura ce. Ga ɗan aji B ko C, duk abin da na zayyana na saifa da huhu da ƙoda yana nan daram, kuma ko murar gaske ko ciwon haƙarƙari na iya bin wannan hanyar. Binciken da aka yi a kan tsofaffin sojojin Amurka masu ƙandarewar hanta ya nuna rigakafin korona ya rage musu kwanciya asibiti da mutuwa, ko da yake jikin wanda ciwonsa ya yi nisa ba ya amsa allura da ƙarfi kamar na mai lafiya, shi ya sa ake so su riƙa ƙari.

Sanin ajin da mutum yake kuma bai kai wahalar da ake zato ba. Gwajin ɗigon jini na minti goma sha biyar da ake yi kafin aure ko ba da jini yana faɗa maka ne kawai ko ƙwayar na nan. A nan yawancin mutane ke tsayawa, wasu su shiga zulumi irin na Malam, wasu su ninke takardar su jefa a aljihu. Tambaya ta biyu ita ce mai nauyi: ina hantar ta kai? Gwajin aikin hanta, ƙidayar ƙwayoyin daskarar da jini, da hoton ciki, su ne ke amsa ta, kuma ana yin su a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Asibitin Ƙwararru da ɗakunan gwaji da dama a cikin gari. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta amince da wani lissafi mai sauƙi da ake haɗawa daga biyu cikin gwaje-gwajen jinin nan don ƙiyasta yawan tabo a wuraren da babu manyan na'urori, kuma a 2024 ta faɗaɗa waɗanda ya kamata a ɗora kan magani.

Bayan addu'ar arba'in ɗin Kawu, likitan da ya duba shi ya riga ya ce mana a kawo 'yan uwansa da suka fito ciki ɗaya kafin ma 'ya'yansa. Muka cika mota biyu. 'Ya'yansa da aka haifa bayan 2004 duk suka fita lafiya. Cikin ƙannensa huɗu, uku na ɗauke da ƙwayar. Biyu hantarsu lafiya lau, aka ce su riƙa dawowa duk wata shida. Ta ukun, Goggo, wadda ba ta taɓa kwanciya ciwo ba kuma ita ke dafa wa gida abinci ranar zaman makoki, hoto ya nuna tata ta fara tsukewa, aji A. Tana shan tenofobir ɗinta kowace safiya bayan kunu. In hazo ya sauko jikoki suka fara atishawa, ita da kanta ke leƙowa ta taga ta ce a tsaya daga zaure a gaishe ta.